DORUGU: YARON ƘAUYEN DA YA RIGA MU BA DA LABARI

Duk sanda aka zauna maganar asalin rubutun zube na Hausa da boko, sai ka ji an fara daga gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Ba na ja da wannan, don su ne iyayenmu a wannan sana'a. Amma shekara 77 kafin wannan gasa, akwai wani yaro Bahaushe da ya zauna a ƙasar Ingila yana ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani Bature yana rubutawa da baƙaƙen boko. Sunansa Dorugu. Na sha tambayar 'yan'uwana marubuta ko sun san shi, da wuya ka sami mutum biyu cikin goma da suka taɓa jin sunan.

An haife shi wajejen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Mahaifinsa makaɗi ne, yana kuma taɓa noma. Ke nan ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan malami ba, ba ɗan attajiri ba. Irin yaran nan ne da ke bin iyayensu gona, su yi tsaron tsuntsu, su dawo gida su ci tuwo su kwanta.

Zamanin nan kuwa zaman ƙauye a wannan yanki zaman ɗar-ɗar ne. Damagaram tana ƙarƙashin Barno, kuma bayi su ne kuɗin da manya ke biyan bashi da su. Wani Bature mai suna James Richardson, da ya sauka Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari ƙauyukan da ke cikin ƙasar ita kanta, a kamo talakawa a sayar. Haka aka fara ɗauke mahaifiyar Dorugu. Shi ma bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba aka kama shi, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. Mai karatu ka lura, ba Bature ne ya raba yaron nan da iyayensa ba. Mutanen da ke jin yarensa ne, ko maƙwabtansu. Wannan magana ba ta da daɗin faɗa, shi ya sa muka fi son tsallake ta a littattafanmu, ko da yake Abubakar Tafawa Ɓalewa bai tsallake ta ba a Shaihu Umar.

A Kukawa ya faɗa hannun wani Balarabe, ta nan ya fara yi wa wani Bajamushe hidima, Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Ba a jima ba Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin Satumbar 1852, sai Barth ya riƙe yaran biyu.

To daga nan fa tafiya ta miƙa. A Nuwambar 1852 suka bar Kukawa suka yi yamma: Zinder, Katsina, Wurno inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake zaune, Sakkwato, Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, har suka shiga Tambutu a Satumbar 1853. Can suka shafe watanni rai a hannun Allah, domin akwai masu neman kan Barth, Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya tsaya masa. Har a Turai an yanke ƙauna, an ɗauka ya mutu. Suka juyo ta Gao da Sakkwato, suka iso Kano a ƙarshen 1854, suka koma Kukawa. A 1855 suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Faransa, cikin Satumba suka sauka Landan. Duk wannan fa Dorugu bai wuce shekara goma sha biyar ko sha shida ba. Ni da na haura arba'in, in na je Legas na dawo sai na kwana biyu ina jinyar baya.

Littafin Barth mai juzu'i biyar ya shahara a duniya, kuma ya cancanta. Amma wa ke ɗaura wa raƙuma kaya, wa ke ɗebo ruwa, wa ke hura wuta in an sauka zango? Irin su Dorugu ne. Da a littafin Barth kaɗai ya tsaya, da bai wuce 'yan layuka da zanen hoto ba.

Abin da ya cece shi daga mantuwa shi ne haɗuwarsa da wani malamin mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya biyo ayarin Turawan da suka shigo Kwara a 1841, ya kuma ƙwallafa rai a kan harshen Hausa. Schön ya ga ga Bahaushe har gida, sai ya riƙe yaran, abin da ya ɓata ran Barth ƙwarai domin ya yi alkawarin mayar da su ƙasarsu. Abbega ya dawo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna gidan Schön shekara da shekaru. A can aka yi masa baftisma aka sa masa James Henry, a can ya koyi karatu da rubutu. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, inda tarihin Dorugu da tatsuniyoyinsa suke. Sunan Schön ne a bangon littafin, amma Hausar ta yaron Dambanas ce, da karin harshen Damagaram ɗinsa.

A nan ne ni, a matsayina na mai sana'ar ba da labari, nake sara masa. Turawa sun saba su zo su dube mu su rubuta: ga yadda suke ci, ga yadda suke aure. Dorugu sai ya juya abin. Shi ne ya zauna yana kallon Turawa a gidajensu, yana kwatanta liyafar cin abincinsu daki-daki, da shigar matansu, kamar yadda ɗan ƙauye zai dawo daga birni ya zauna a dandali yana ba abokansa labari. Ba ya ruɗewa, ba ya kuma raina kansa. Yadda ya kalli Tambutu da Tarabulus haka ya kalli Landan: gari ne na mutane, suna da nasu hali, wani abin ya burge shi, wani ya ba shi mamaki. Kuma bai fara labarinsa da manyan birane ba. Da gidansu ya fara, da iyayensa da 'yan'uwansa da gona. Mu da muke rubutu yau, sai mu kai jarumin littafi Dubai ko Landan alhali ko filin jirgi ba mu taɓa shiga ba, mu cika shafi da sunayen motoci. Shi da ya je da ƙafarsa, ƙauyensu ya sa a gaba.

Ya dawo Afirka a 1864. Ya shafe shekaru yana aikin tafinta ga Turawa matafiya da jami'ai, aikin da ke buƙatar mai harshe biyu da haƙuri. Da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, sai ga dattijo Dorugu cikin malamanta, yana koyar da karatun boko. Ɗan makaɗi, bawa, bara, tafinta, malamin makaranta, duk mutum ɗaya. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano har gobe, kowa ya san shi, sunan Vischer ya zauna daram. A 1971 wasu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara tarihin Dorugu zuwa Turanci, ta wannan hanyar ma yawancin waɗanda suka san shi suka san shi. Abin takaici, ɗalibi a Amurka ya fi ɗalibi a Zinder ko Kano saukin samun labarin.

A Nasarawa ya rasu a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Kano zuwa Kance ba wata tafiya ba ce ga mutumin da ya taka Tambutu da Landan, amma a Kano ƙasa ta kira shi. Da aka buɗe kayansa bayan rasuwarsa, sai aka tarar da tarin tabarau, da tufafin Turawa da iyayen gidansa suka ba shi a tsawon shekaru, da gwangwanayen biskit da bai taɓa buɗewa ba, da kuɗin zinariya da azurfa da ya adana.