Ƙabar yara a Lafia: tsoron tiyata da muka gada

Da yawanmu a garin Lafia mun taso muna ganin yaro da ƙatuwar cibiya, ko mai kumburi a matsematsi da ke fitowa idan ya yi kuka. Iyayenmu kan ɗaure cibiyar da kwabo da ƙyalle, wani lokacin a kira wanzami. Zancen tiyata kuwa ba a son ji. Wannan tsoro yana da asali.

Ƙaba tsohuwar cuta ce. Likitocin Masar sun rubuta labarinta fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana aikinta a littafinsa At-Tasrif. Sai dai a lokacin babu maganin sa barci irin na yanzu, ba a kuma san ƙwayoyin cuta ba, don haka yanka kan zama ajali. A 1846 aka nuna maganin sa barci a Boston ta Amurka, a 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyar kare rauni daga ruɓewa. A 1941 William Ladd da Robert Gross suka fitar da littafinsu kan tiyatar cikin jarirai da yara.

Mu nan gida ilimin ya daɗe bai iso kusa ba. Muna ƙarƙashin jihar Filato, babban aiki sau da yawa sai an nufi Jos. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro jihar Nasarawa, Lafia ta zama babban birni. Daga baya muka samu asibitin ƙwararru na Dalhatu Araf, ga kuma cibiyar lafiya ta tarayya a Keffi. Asibiti ya matso, amma tsoron bai bar gidajenmu ba.

Ƙabar yara iri biyu ce. Ta cibiya galibi kan rufe da kanta kafin shekara 4 zuwa 5, kuma kwabo ba ya ƙara mata komai sai gyambo. Ta matsematsi, wadda kan sauka maraina har a ce gwaiwa, wata kafa ce da ba ta rufe ba tun yaro yana ciki. Ta fi samun maza da bakwaini, ba ta warkewa sai da aiki, aikin kuma gajere ne. Kada a yi mata sakiya ko tsaga, domin abin da ya kumbura yana iya zama hanji.

Idan kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, yaro na ta kuka da amai, hanji ne ya maƙale. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kakanninmu sun guji wuƙa da hujja. A yau jinkiri ne ya fi cutar da yaranmu. Allah Ya raya mana su.