Gonakin inabin Sisiliya: wace ƙofa baƙo zai ƙwanƙwasa?

Duk wanda ya sauka birnin Palermo da niyyar hutu, kafin ya kai masauki an cika masa hannu da takardun talla. Kowace takarda tana kiran shi zuwa wani gidan matsar inabi: ga na bakin teku a Marsala, ga na gindin dutsen Etna, ga na wani ɗan tsibiri da sai an sake shiga jirgi. Gidajen sun kai ɗaruruwa, hutu kuwa bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, don haka tilas a zaɓa. Bature yakan zaɓa da harshensa, wato inda giya ta fi masa daɗi. Mai karatunmu, wanda galibi addininsa ya raba shi da wannan kofi, zai ce ina ruwan biri da gada. To amma kurangar inabi ta girmi yawancin daulolin da suka mulki wannan tsibiri na Bahar Rum, kuma kowane gida yana ba baƙo labarin da ya dace da cinikinsa. Wanda ya zaɓi ƙofa ya zaɓi tarihin da za a gaya masa, a cikin tarihin nan kuwa akwai namu rabo.

Labarin da masu rakiyar baƙi suka fi maimaitawa gajere ne. Finikiyawa da Girkawa suka kawo sana'ar, Rumawa suka bunƙasa ta, Larabawa suka zo ta kwanta, Normandawa suka tashe ta. Jimla ɗaya ake ba zamanin Musulmi, alhali ya haura shekara 200.

A watan Yuni na shekarar 827 rundunar Aglabawa ta taso daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ta sauka Mazara, kamar kilomita 20 daga Marsala. Jagoranta ba barde ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asadu ɗan Furatu, dattijo mai kusan shekara 70 wanda ya yi karatu gaban Imamu Maliki a Madina. Littafinsa Asadiyya shi ne Sahnunu ya sake tacewa har ya zama Mudawwana. Asadu ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta faɗi a 831, Sirakusa sai a 878, kuma mulkin Musulmi bai ƙare ba sai a 1091, lokacin da Normandawa suka karɓe garin Noto. Almajirin da ya kai ga Muhtasar na Halilu a zauren malaminsa a Damagaram ko Maraɗi ya gamu da wannan tsibiri ko bai lura ba, domin biyu daga cikin malamai huɗu da Halilu ya dogara da hukuncinsu ƴan asalin can ne: Ibnu Yunusa Basisile, da Imamu Maziri, wanda sunansa daga Mazara ya fito.

Me waɗannan Malikawa suka yi da kurangar da suka tarar? Ba su tumɓuke ta ba. Sun yaɗa noman lemo, rake da auduga, sun haƙa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da har yanzu ake shiga a Palermo, inabi kuma ya ci gaba da zama abin ci, ɗanye da busasshe. Ko giyar ma ba ta ɓace ba, tunda Kiristoci da Yahudawa suna zaune a tsibirin da addininsu. A 2021 masu bincike na jami'ar York ta Ingila da ta Tor Vergata ta birnin Rum sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa tulunan ƙasa na wancan zamani, suka sami alamar ruwan inabi a jikinsu, abin da ke nuna an ci gaba da matsa da fatauci. Mawaƙi Ibnu Hamdis, haifaffen Sirakusa a tsakiyar ƙarni na 11, ya cika baitocinsa da zancen giya yana kewar ƙasarsa daga gudun hijira. Fikihu ya hana, kasuwa ba ta daina ba, kuma mai tarihi ba shi da ikon ɓoye ɗaya don ya faranta wa ɗaya.

Mafi yawan baƙi Marsala suke fara nufa. Sunan garin Larabci ne, daga marsa, wato matsayar jiragen ruwa. Wasu na cewa Marsa Ali, wasu Marsa Allah. Daga sunan nan, Larabci ya ƙare. Giyar da ta ɗaukaka garin aikin ƴan kasuwar Ingila ce. John Woodhouse, mutumin Libaful, ya iso a 1773, ya ɗanɗana abin da manoman wurin ke tsufarwa cikin gangunan katako, ya ƙara masa barasa mai ƙarfi don kada ya lalace a doguwar tafiyar teku, ya aika gida. A 1800 ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa rundunar ruwan Nelson. Benjamin Ingham ya biyo sahu a farkon ƙarni na 19, sannan ɗan ƙasa Vincenzo Florio ya kafa nasa gida tsakanin na Turawan biyu a farkon shekarun 1830. Ranar 11 ga Mayu 1860, da Garibaldi ya sauka Marsala da mutanensa kimanin dubu, akwai jiragen yaƙin Ingila biyu a bakin gaɓa suna tsaron dukiyar ƴan ƙasarsu. Jiragen sarkin Napoli suka yi jinkirin buɗe wuta, kafin su farga mutanen sun shige gari. Haɗewar Italiya ta ci moriyar ɗakunan ajiyar giya fiye da yadda littattafan makaranta ke faɗa.

Waɗannan ɗakuna dogaye na dutse, masu layukan ganguna, sun cancanci a shiga sau ɗaya. Awa guda ta isa. Abin da za a gani tarihin jari ne da jiragen ruwa. Manomin da ya noma inabin ba ya cikin hotunan da aka rataye a bango.

Labarin manomi ya fi fitowa a bala'in da ya biyo baya. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Turai daga Amurka, ya cinye gonakin Faransa tun daga shekarun 1860. Sisiliya ta sami kasuwa, aka dasa kuranga ko'ina, har a gonakin alkama. A 1880 aka ga ƙwaron a tsibirin, a 1888 rikicin kuɗin fito ya rufe kasuwar Faransa, abu biyu suka haɗu a kan talaka. Dubban iyalai suka yi ƙaura, wasu Amurka, wasu suka tsallaka Tunisiya suka dasa inabi a yankin da rundunar Asadu ta bari shekara dubu da suka wuce. Maganin da aka samu daga baya shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: reshen Turai a kan saiwar Amurka. A gangaren Etna, inda ƙasa toka ce da yashin aman wuta, akwai tsofaffin kurangu da ƙwaron ya kasa, suna tsaye da saiwarsu ta asali.

Da ni za a tambaya, kwana biyun da suka rage a kai su Pantelleria. Tsibiri ne na baƙin dutse mai faɗin murabba'in kilomita 83, ya fi kusa da Tunisiya bisa ga Sisiliya. Sarki Firedarik na Biyu ya kwashe Musulmin Sisiliya zuwa Lucera a ƙarni na 13, amma a nan Larabci ya zauna a bakin mutane ɗaruruwan shekaru bayan haka, kuma sunayen ƙauyuka sun riƙe shi: Khamma, Gadir, Bukkuram, Rekhale. Inabin da ake nomawa sunansa zibibbo. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, domin zabibin da muke saya wurin mai tebur da wannan suna duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito.

Tsibirin ba shi da kogi, ruwan sama kaɗan ne, iska kuwa ba ta hutawa. Manomi sai ya haƙa rami kamar akushi, ya dasa kuranga a ciki, ya riƙa datse ta don kada ta wuce gwiwa, rassanta su kwanta kusa da ƙasa. Ramin yana tare iska, yana tara raɓa da ɗan ruwan da ya samu. Mutumin Illela ko Badagishiri da ya saba haƙa tassa a fako zai gane dabarar da kallo ɗaya, ko da yake ba wanda ya koya daga wani. Fari ne ya koyar da su duka. Ba injin da ke shiga irin wannan gona, komai a duƙe ake yin shi da hannu, a kan tudun da aka daddatse da katangun dutse marasa kwaɓi. A watan Nuwamba na 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan hanyar noma cikin jerin al'adun duniya da ake gada, karo na farko da aka yi wa wata dabarar noma haka. Karramawar ta zo ne bayan gonaki da yawa sun koma saura, matasa sun tafi birane.

A cikin watan Agusta ake fara tsinka. Ana shimfiɗa nonnan inabi a rana na wasu makonni, ana juya su da hannu, har su yi ja su motse. Yawancinsu a yau matsa suke tafiya, a yi giya mai zaƙi da ake kira passito, wadda ita ce takardun talla ke yabo. Kafin a kai su can zabibi ne kawai, irin wanda tsibirin ya daɗe yana lodawa a jiragen ruwa, kuma manomi yakan ɗebi ƙanƙani ya miƙa wa baƙon da ya ce shi ba ya sha.