Sunan Kogi a Jikin Cutar Tsuntsaye

Usutu sunan kogi ne. Yana tasowa daga tuddan gabashin Afirka ta Kudu, ya ratsa ƙasar Eswatini, ya gangara Mozambik. Amma yau in likitan dabbobi a Biyana ko Hambug ya ambaci Usutu, ba ruwa yake nufi ba. Yana nufin wani bairos da sauro ke ɗauka daga jinin wannan tsuntsu ya zuba wa wancan. A 1959 aka fara tsamo shi daga jikin sauro a yankin Ndumu na lardin Natal, aka laƙaba masa sunan kogin da ke kusa. Shekara arba'in da 'yan kai ba wanda ya damu da shi sai tsirarun masana, domin ba a ga ya yi wata ɓarna ba.

Sai a bazarar 2001 mazauna Biyana suka fara tsintar gawarwakin wani baƙin tsuntsu a lambunansu da gefen titi. Jamusawa suna ce masa amsel. Namijin baƙi ne wuluk, bakinsa ruwan lemo, kuma kukansa ne ke tashin mutanen Turai da asuba. Kafin ya mutu sai a ga gashin kansa ya zube, ya takure wuri guda, ko yaro ya matso ba ya iya tashi. Da aka buɗe gawarwakin aka tarar hanta da saifa sun kumbura, gwaji kuma ya nuna Usutu ne. Daga baya masu bincike suka koma kan naman tsuntsayen da aka adana tun wata mace-mace da aka yi a Tuskani ta Italiya a 1996, suka same shi a ciki. Ashe ya yi aƙalla shekara biyar a Turai kafin kowa ya kira sunansa.

Wannan shi ne abin da nake so a lura da shi game da sunayen irin waɗannan cututtuka. Sunan yana faɗa maka inda aka fara kama ɓarawon ne, bai faɗa maka garinsu ba. Dubi ɗan'uwansa da ya fi shi suna, wanda Turawa ke kira West Nile, wato Yammacin Nilu. Mai jin sunan zai ɗauka daga Masar ya fito. Alhali gunduma ce a arewa maso yammacin Yuganda, inda a 1937 aka ɗebi jinin wata mata mai zazzaɓi. Masu binciken ma cutar shawara suka je nema, daga cibiyarsu da ke Entebbe, suka yi tuntuɓe da wani abu daban. Zika daji ne kusa da Entebbe ɗin, inda aka samu bairos a jikin biri a 1947. Ba don Yuganda ta fi ko'ina cuta ba sunayenta suka yawaita a wannan fage. Can ne aka kafa ɗakin gwaji, can ne ake ɗibar jini ana kama sauro. Mu ma mun san zafin abin, tunda garin Lassa na jihar Borno yana ɗauke da sunan zazzaɓi tun 1969, duk da cewa ɓeran da ke yaɗa shi ya cika Afirka ta Yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa a daina sa wa sabuwar cutar ɗan'adam sunan gari ko ƙasa ko dabba ko sana'a. Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin suna yana korar baƙi daga kasuwa, yana sa a tsangwami mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Sai dai ƙa'idar ba ta taɓa tsofaffin sunaye ba. Ko da masu rarraba jinsin bairos suka sabunta sunayen kimiyya a 'yan shekarun nan, Nilu da Usutu sun bi su cikin sabon sunan na Latin. Sunan dangin gaba ɗaya kuwa daga kalmar Latin mai nufin rawaya ya fito, saboda shawara ce babbar yayarsu.

Rikicin bai tsaya nan ba. Masana sun kasa Usutu zuwa zuriyoyi, wasu aka ce musu Afirka 1 zuwa 3, wasu Turai 1 zuwa 5. Lokacin da ya bayyana a Landan a 2020, a jikin baƙaƙen tsuntsayen nan da wata gwara, zuriyar Afirka 3 aka samu. Mai karanta labari sama-sama zai ce tsuntsu ne ya taso da ita kai tsaye daga nahiyarmu. Amma wannan zuriya ta riga ta yi shekaru tana yawo a Jamus da Holan, kuma makusantan wadda aka gani a Landan a waɗannan ƙasashe na tsallaken teku suke.

Kalmomin aikin sa ido su ma suna da nasu nauyi. Akwai sa ido na jiran tsammani, inda jama'a ne idanun hukuma. A Jamus, tun bayan mace-macen 2011 a kwarin kogin Rayin, ƙungiyar kare halittu ta NABU ke roƙon mutane su kai rahoton tsuntsun da suka gani matacce, in da hali su aika gawar cibiyar Bernhard Nocht da ke Hambug. Ana ɗaukar gawar da safar hannu ko a juya leda a kama ta, a ƙulle, a sanyaya ta, a aika tun ba ta fara ruɓa ba. Akwai kuma sa ido na fita nema: a kafa tarkon sauro da dare, da safe a tsince su jinsi-jinsi, a niƙa hamsin-hamsin, a nemi alamar bairos ɗin a cikin ruwan. Abin da ya fi burge ni shi ne kajin gadi. A Kalifoniya da Fulorida akan ajiye kaji cikin keji a wuraren da sauro ke da yawa, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci. Kaza ba ta kwanciya da cutar Yammacin Nilu, jininta kuma ba ya tara bairos ɗin da zai isa sauro ya kwasa, amma jikinta yana yin garkuwar da gwaji ke gani. Ranar da garkuwar ta bayyana, an san baƙo ya shigo unguwa.

Darajar gawar tsuntsu ta fito fili a Niyok a 1999. Da mutane suka fara kwanciya da kumburin ƙwaƙwalwa, an fara cewa wata cuta ce da aka saba da ita a Amurka, mai sunan birnin St. Louis. Likitar dabbobi Tracey McNamara ta gidan namun daji na Bronx ce ta nace cewa hankakin da ke faɗuwa a titi da tsuntsayen da ke mutuwa a hannunta suna da alaƙa da marasa lafiyar. Ta yi gaskiya, Yammacin Nilu ne ya tsallaka Amurka. Mutum 7 suka mutu a wannan shekara, cikin shekara huɗu kuma ya kai gaɓar yamma. Sunan farko da aka ba cutar ya ɓata makonni, domin da an sa wa abu suna sai a daina tambaya.

Sai batun masauki. Tsuntsu masauki ne mai hayayyafa, bairos yana ninkuwa a jininsa har duk sauron da ya cije shi ya tashi da guzuri. Mutum da doki kuwa masauki ne marar mafita: cutar tana iya kwantar da su, har ta kashe, amma sauro ba ya ɗaukarta daga gare su. To ina jemage? A 2013 an samu Usutu a ƙwaƙwalwar wasu ƙananan jemagu biyu da suka mutu a kudu maso yammacin Jamus, irinsa ɗaya da na tsuntsayen yankin, daga baya aka sake gani a Beljiyam. Nan take wasu suka fara kiran jemage ma'ajiyar cutar. Wannan gaggawa ce. Kafin a ce dabba ma'ajiya ce, sai an nuna bairos yana zama a jininta da yawan da sauro zai kwasa, kuma tana riƙe shi daga wannan damina zuwa waccan. Samun sa a gawa bai wuce shaidar cewa ya shiga jikin ba. Jemage dama mai baƙin jini ne, in aka ɗora masa wannan suna mutane za su far masa da wuta da sanda, alhali ƙananan jemagun nan ƙwari suke kwana suna ci.

A Hausa matsalarmu ta wata fuska ce. Mun ɗauki "zazzaɓin cizon sauro" mun ba maleriya shi kacokan, kamar ita kaɗai sauro ke kawowa. Maleriya ba bairos ba ce, kuma sauronta daban ne da wanda ke ƙyanƙyasa a ruwan kwata yana cizon tsuntsu da mutum. In an huda yatsa gwaji bai nuna maleriya ba, sai a ce taifot, a rubuta magani. Yammacin Nilu kuwa yawancin waɗanda suka kamu, kimanin takwas cikin goma, ba sa jin komai, saura su yi zazzaɓi da ciwon kai, ɗaya cikin ɗari da hamsin cutar ta hau ƙwaƙwalwa. An daɗe da samun wannan bairos a Nijeriya, kuma kowace shekara tsuntsayen Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru su yi hunturu tare da namu. Manomin da ya ga hankaki sun faɗi a gonarsa, ko mai doki da ya ga dokinsa na tangaɗi ƙarshen damina, yana riƙe da labarin da a Hambug ake roƙon mutane su kawo. Ina ganin ya kamata ma'aikatan lafiyar dabbobi da masu shirye-shiryen rediyo su ware wa waɗannan zazzaɓe suna nasu, su kuma faɗa wa mutane ofishin da za su kai gawar tsuntsun.