Daga Rumfunan Gallabat zuwa Benayen Khartum

A tsakiyar birnin Khartum, daf da tsohuwar kasuwar nan ta Suƙul Arabi, akwai wani katafaren gini mai dogayen hasumiyoyi da ake kira Al-Waha. A da kantuna ne hawa-hawa, ga sanyin na'ura, ga matakala mai tafiya da kanta. Kafin shi, a 2004, an buɗe Afra kusa da filin jirgin sama, shi ne kuwa kanti na farko irin wannan a Sudan. Zamani ne da kuɗin man fetur ke shigowa ƙasar, tun da aka fara fitar da shi a 1999. Masu hali suka saba da sabon salon ciniki: farashi a rubuce, babu tayi, babu albarka, babu sallama.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Tsakiyar birnin, inda fadar shugaban ƙasa take, ta zama fagen fama. Aka wawushe kantuna, 'yan kasuwa suka watse. Ɗaya daga hanyoyin da masu gudu suka bi ita ce ta gabas, wadda ta ratsa Gadarif ta ɓulle Gallabat a bakin iyakar Habasha, tafiyar fiye da kilomita 500. Wannan ƙaramin gari ya taɓa zama babbar kasuwa, kuma abin da ya same shi tun da daɗewa yana haskaka abin da ya sami benayen Khartum.

Gallabat ta bunƙasa ne a ƙarni na 18 a hannun mutanen da Larabawa ke kira Takarir, wato baƙi daga yamma, akasarinsu daga Darfur da ƙasashen da ke bayanta. Da yawansu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, ko a dawowa, suka ga ƙasa mai albarka suka zauna. Daga wannan suna ne Hausa ta sami kalmar Takari. Wurin da suka zaɓa yana gindin tsaunukan Habasha, inda hanyar Gondar ke saukowa ta haɗu da filayen Sudan. Mai saukowa daga tudu da mai tasowa daga kwari, tilas su gamu a nan.

Daga ɓangaren Sudan ana kawo auduga, wadda masaƙan Habasha ke matuƙar bukata. Daga tudu kuma ana saukowa da gahawa da zuma da kakinta da dawaki da alfadarai. Ana kuma sayar da bayi, kuma wannan mugun ciniki na cikin ginshiƙan arzikin garin. Kuɗin da ke yawo shi ne riyal na azurfa mai hoton Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda ya karɓu tun daga Bahar Maliya har ƙasar Hausa. Duk wannan hada-hada a rumfunan ciyawa ake yin ta. Baturen nan matafiyi Samuel Baker ya sauka garin a 1862, ya tarar da shi ƙarƙashin shaihun Takarir.

Sirrin zaman kasuwar shi ne lallashin manya biyu. Bayan da rundunar Muhammadu Ali na Masar ta ci Sinnar a 1821, shaihunan Gallabat sun kasance tsakanin Turkawa da sarakunan Habasha, sukan biya haraji nan, su biya can. Kowane ɓangare na cin moriyar kasuwar, don haka babu wanda ya ga riba a rusa ta.

Zuwan Mahadi ya warware wannan ƙulli. A 1885 sojojin Masar suka fice daga Gallabat da taimakon Habashawa, Ansaru suka shiga. A Janairun 1887 Tekle Haymanot, sarkin Gojjam, ya afka wa garin ya ƙone shi. Halifa Abdullahi ya rama ta hannun Hamdan Abu Anja, wanda ya kai farmaki har Gondar a 1888. Ranar 9 ga Maris 1889 Sarkin Sarakunan Habasha, Yohannes na Huɗu, ya zo da kansa da babbar runduna, ya tarar da Zaki Tamal ya kafa ganuwa. Habashawa sun kusa cin nasara sai harsashi ya sami sarkinsu, ya rasu washegari, rundunarsa ta watse. Ansaru sun riƙe garin, amma sun riƙe kango. A shekarun nan ne kuma annobar shanu da yunwa suka mamaye ƙasashen biyu, yunwar da mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta, wato shekarar 1306 ta Hijira.

Da ƙura ta lafa, kasuwa ta sake ci, amma ba ta koma kamar da ba. Yarjejeniyar Ingila da Habasha ta 1902 ta shata iyaka, rafin da ke wurin ya zama shamaki: Gallabat a Sudan, Matamma a Habasha. Jirgin ƙasa daga Jibuti ya isa Addis Ababa a 1917, ya janye yawancin hajar Habasha zuwa gabas. A ɓangaren Sudan kuwa dogo ya bi ta Gadarif, sai ita ta zama cibiyar dawa da riɗi, inda Hausawa da yawa suka zauna suna noma da fatauci har yau. A Yulin 1940 sojojin Italiya suka kama Gallabat, a Nuwamba kuma Birgediya William Slim ya kai musu hari, garin ya sake shan wuta.

Hanyar mota da ta haɗa Gadarif da Gondar ta dawo wa iyakar da rai a wannan ƙarni, ko da yake rikicin gonakin Fashaga, wanda ya tsananta daga ƙarshen 2020, ya sa an sha rufe ta. Duk ranar da aka rufe gada, ciniki ya tsaya a ɓangarorin biyu.

Tarihin Gallabat ya nuna cewa abu biyu ke riƙe kasuwa: hanyar da ke kawo mutane, da amincin da ke sa su sauke kaya. Sake gina rumfar ciyawa aikin 'yan kwanaki ne, amma fataken da suka koyi wata hanya ba su cika komowa ba. Sojojin Sudan sun ƙwato tsakiyar Khartum a Maris 2025, suka tarar da dogayen gine-gine a tsaye, cikinsu fayau. A tsawon waɗannan shekaru biyu, 'yan kasuwa da yawa sun riga sun kafa shaguna a Port Sudan da Gadarif da Alƙahira. Gyaran bene aikin magina ne da masu kuɗi. Dawo da masu saye da sayarwa kuwa shi ne abin da Gallabat ta kasa samu cikakke tun bayan 1889.