Gwajin Duwatsun Zinare a Ɗakin Bincike: Gibin da Gubar Dalma ta Zamfara ta Bayyana

Tsakure: Wannan maƙala ta duba yadda ake gwada samfurin dutsen ma'adini kafin a fara ciro ƙarfen da ke cikinsa. Matsayarta ita ce, gwajin da ya tsaya kan auna yawan zinare bai cika ba, sai an haɗa shi da tantance sauran ma'adinan da ke tare da zinaren da kuma siffar da suke ciki.

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen auna zinare ita ce gwajin wuta. Ana niƙa dutse ya yi laushi, a ɗebi giram 30 ko 50, a cakuɗa da hodar dalma da sinadaran da ke taimaka wa narkewa, a sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Dalmar tana tattara zinare da azurfa ta nutse da su ƙasan kasko. Daga nan a mayar da dunƙulen cikin ƙaramin kasko na tokar ƙashi, wanda ke shanye dalmar ya bar 'yar ƙwayar zinare da azurfa da za a raba a auna. Hanyar tana ba da sahihin adadi, amma tana da makanta guda: tunda mai gwajin da kansa yake zuba dalma, sakamakon ba ya faɗin komai game da dalmar da dutsen ya zo da ita daga rami. Takardar gwaji za ta iya cewa akwai giram kaza na zinare a kowane tan, ta yi daidai, ta kuma yi shiru kan abin da zai kashe yaran gidan da za a niƙa dutsen.

Abin da ya auku a Zamfara ya nuna girman wannan gibi. A shekarar 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara masu yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Yara kimanin 400 ne suka rasu sakamakon gubar dalma. Ana kwaso dutsen zinare zuwa cikin gidaje, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, ƙura ta bi tsakar gida da abinci. Binciken da masanan hukumar nazarin ƙasa ta Amurka suka wallafa a 2013 ya ƙara wani bayani mai nauyi: asalin dalmar tana cikin galina, wato dutsen da ake yin tozali da shi, amma ruwa da iska sun daɗe suna sauya ta zuwa nau'in kabonet, wanda ke narkewa da sauri a ruwan cikin ɗan Adam. Ashe ko sanin yawan dalmar bai wadatar ba. Siffar da take ciki ita ce ta sa gubar ta yi kaifi haka. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Wannan tambaya ta siffa ita ce kuma ke yanke hukunci kan riba. Zinaren da ke zaune shi kaɗai cikin farin dutse ana iya kama shi da wanki. Wanda ya maƙale cikin ma'adinan farar wuta kuwa, zaiba da mahaƙa ke kama zinare da ita ba ta kai gare shi, sayanaid ma ba ya narkar da shi sosai sai an gasa dutsen ko an niƙa shi matuƙa. Mahaƙin da bai san wannan ba zai ƙone zaiba, ya shaƙi tururinta, zinaren kuma ya tafi cikin tarkace.

Za a iya cewa cikakken gwaji yana da tsada, kuma ƙaramin mahaƙi ba shi da halin biya. Wannan gaskiya ne idan aka ɗora nauyin a kan mutum guda. Sai dai jijiyar ma'adini ɗaya ɗaruruwan mutane ke haƙa, don haka gwajin rami ne ake buƙata, kuma nauyinsa ya dace da ƙungiyoyin mahaƙa da hukumar da ke ba da lasisi. Wuraren gwajin suna nan: ɗakunan bincike na hukumar nazarin ƙasa ta Nijeriya a Kaduna, da cibiyar bunƙasa sarrafa ƙarafa a Jos, da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kuɗin gwaji kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da aka kashe wajen kankare ƙasar ƙauyuka da jinyar dubban yara.

Wasu kuma na ganin na'urar XRF ta hannu ta isa. Tana da amfani ƙwarai, da ita ma aka auna ƙasar gidajen Zamfara lokacin aikin tsaftacewa, domin tana gano dalma nan take. Amma ba ta iya auna zinare a ƙananan adadin da ake samu a dutse, alamar gubar asenik tana cakuɗewa da ta dalma a cikinta, kuma ba ta bayyana siffar ma'adini. Matsayinta tacewar farko ce a bakin rami.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na wakilcin samfuri. Dutse mai giram 5 a tan yana nufin miligiram 0.15 kacal na zinare a samfurin giram 30, kuma ƙwaya ɗaya mai faɗin rubu'in milimita ta kai wannan nauyi. Shigarta ko rashinta na iya juya sakamakon gaba ɗaya. Wannan ya wajabta ɗibar samfuri daga wurare da yawa, da niƙa shi sosai, da maimaita gwaji. Amma ƙorafin bai taɓa dalma da irin wannan ƙarfi ba, domin a duwatsun Zamfara ana lissafinta ne da kashi cikin ɗari, ta yadda ko samfuri maras inganci zai nuna ta. Gano hatsarin ya fi auna ribar sauƙi da araha, shi ya sa babu dalilin kimiyya da zai sa a fitar da takardar gwajin zinare ba tare da adadin dalma da asenik a jikinta ba.