Daga Kuntigi Zuwa Aisi: Tarihin Kiɗan Ƙananan Na'urori a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin nazarin waƙar baka ya san yadda malamai ke karkasa kayan kiɗan Hausawa. Za a kawo na bugawa irin su kalangu da kotso da taushi, a kawo na busawa kamar algaita da kakaki da sarewa, sa'an nan a zo kan masu tsirkiya ko izga, watau su garaya da molo da goge da kukuma. To, amma akwai wani abin kiɗa da ba ya cikin wannan jeri, alhali kuwa ni da tsararrakina mun fi jin muryarsa fiye da ta kotso. Ina nufin ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa kamar ƙwaro, wanda yake cikin wayar hannu da fiyano da gem, masu gyara kuma suna kiransa aisi. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bin sawunsa, tun daga inda aka ƙera shi har zuwa yadda ya shigo garuruwanmu irin su Kuki ta ƙasar Dutsin-Ma, inda na tashi, domin mai karatu ya auna da kansa ko ya cancanci a ba shi gurbi a cikin tarihin kiɗanmu.

Rediyo da mai gyaransa

Tun da fari dai, na'ura mai magana ta riga na'ura mai kiɗa zuwa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kawo yadda Turawan mulki suka fara kafa lasifikoki a Kano a 1944, ana jawo shirye-shirye ta waya zuwa ƙofar fada da sauran wuraren taruwar jama'a. Wannan abin 'yan birni ne. Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne tiransisto, wanda aka gano a Amurka a 1947, domin shi ya sa aka iya yin ƙaramin akwati mai aiki da batir wanda manomi zai rataya a kafaɗa ya tafi gona. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kamfanin Philips kuma ya fito da kaset a 1963. Ta wannan hanya muryar Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa nan kusa da mu, ta shiga kowane zaure.

Duk abin da ya shigo kuwa sai ya lalace, kuma ba mai mayar da rediyo Jafan don a gyara. Nan ne aka sami sabuwar sana'a wadda ba gadonta aka yi ba, ba kamar ƙira ko jima ba. Mai gyaran rediyo yakan kafa ɗan tebur a gefen kasuwa, da dalma, da ƙarfen narka ta wanda a inda babu wuta a garwashi ake ɗora shi, da kwalin matattun rediyoyi. Wannan kwali shi ne jarinsa kuma shi ne makarantarsa, don daga cikinsa yake ciro abin da zai tayar da wani. Na daɗe a kan wannan mutum ne saboda duk abin da zai biyo baya a kan teburinsa ya bi.

Yadda aisi yake waƙa

Aisi na farko-farko ba ya ajiye muryar kowa a cikinsa kamar yadda kaset ke yi. Abin da yake yi kawai shi ne ya saki lantarki ya tsayar, ya saki ya tsayar, da sauri ƙwarai, lasifika kuma tana motsi daidai da haka. Idan ya yi sau 440 a daƙiƙa ɗaya, kunne zai ji wani amo tsayayye. Idan ya ninka zuwa 880, sai amon ya hau sama ya ƙara siranta. Wannan ne asalin tsiwar nan mai kaifi da kowa ya sani.

Matsalar ita ce ƙarancin baki. Kwamfutar Commodore 64 ta 1982 muryoyi 3 kawai take iya fitarwa a lokaci guda. Game Boy, watau gem na hannu wanda kamfanin Nintendo na Jafan ya fitar a 1989 bisa jagorancin injiniya Gunpei Yokoi, yana da 4: biyu masu tsiwa, ɗaya wadda mai tsara kiɗa zai iya sassaƙa mata irin amon da yake so, ta huɗun kuma shuu kawai take yi, irin na rediyon da ya ɓace tasha. Da wannan shuu ɗin ake yin ganga, a datse shi gajere-gajere har ya yi kama da bugu. In ana son a ji kamar muryoyi uku sun tashi tare alhali baki ɗaya ya rage, sai a sa shi ya riƙa tsalle tsakanin amo uku da saurin da kunne ba zai rarrabe ba.

A nan ne nake ganin Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Kuntigin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, kuma akan haɗa ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Da wannan ɗan abu ya zaga duniya. Mai kalangu kuma yana matse tsirkiya da hamata ya sassauta, ya sa fata guda ta hau ta sauka. Dabarar ɗaya ce: kayan aiki kaɗan, hikima da yawa.

Bayan da Game Boy ya tsufa, matasan Turai da Amurka da Jafan suka mai da shi abin kiɗa sosai. Wani Bajamushe, Oliver Wittchow, ya yi masa manhajar tsara kiɗa mai suna Nanoloop a 1998, Johan Kotlinski na ƙasar Suwidin kuma ya yi LSDj a 2000. Sukan kwance tsohon gem su sa masa fitila a bayan gilashi don a gani cikin duhu, su jona waya daga cikinsa zuwa babbar lasifika, su hau dandamali da shi. Abin da mai gyaran rediyon kasuwarmu yake yi don dole, su suna yinsa don sha'awa.

Abin da ya iso gare mu

Game Boy na ainihi ya fi ƙarfin aljihun yaron ƙauye. Abin da na tashi na tarar a gidanmu shi ne ɗan gem ɗin nan na roba da ake yi a Sin, Brick Game, wanda aka rubuta wa lambobi masu yawa a goshi wai adadin wasannin da ke ciki ke nan, alhali 'yan kaɗan ne ake ta jujjuyawa. Babban wasansa na jera tubala ne, wanda aka kwaikwayo daga Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Murfin batir ɗin namu ya daɗe da ɓata, da ƙyauron roba ake ɗaure shi, kuma da batir ya fara sanyi sai kiɗan ya riƙa ja kamar mai jin barci. Yayana ne ya cire 'yar lasifikarsa ya jona masa ta wani mataccen rediyo, har Inna ta ce ko dai a kashe ko a fita da shi waje.

Wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma Nokia 3310 tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. A cikinta akwai wurin da mutum zai tsara kiɗan kira da kansa. Lamba 1 zuwa 7 su ne amo bakwai, 8 tana gajarta amo, 9 tana tsawaita shi, 0 kuma shiru ce. Murya ɗaya tak wayar take da ita, ba ganga ba amshi. Amma duk da haka in wani ya dace da tsarin wata waƙar fim, sai ka ga 'yan zaure sun kama rerawa tun kafin ta kai rabi. Dalili kuwa, a ganina, yana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta da tsawonta, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum ya juyo. Wayar da ta bi hawa da saukar baiti daidai, ta riga ta faɗi rabin maganar, kunnen Bahaushe ne ke cike sauran. Samari sukan rubuta lambobin a bayan littafin makaranta, a ba aboki ya kwafa. Ina jin wannan shi ne karo na farko da yaran ƙauyenmu suka rubuta kiɗa a takarda, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Fiyano

Babban zancen kuwa yana wajen fiyano. A Jamhuriyar Nijar abin ya fara da wuri, don Mamman Sani ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978 da wani fiyanon lantarki na Italiya mai suna Orla, aka daɗe ana sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013. A Kano kuwa fim ne ya jawo shi. Bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya fim suka bukaci kiɗa mai sauƙin kuɗi, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kan yadda ƙananan fiyano na Casio, daga baya kuma na Yamaha samfurin PSR, suka zama kiɗan wannan sana'a. Su waɗannan na baya sun ɗara tsiwar gem, domin an ɗauki amon kayan kiɗa na gaske an zuba a cikin aisinsu. Mutum ɗaya a ɗan ɗaki zai fitar da mai kama da sarewa da mai kama da ganga, abin da a da sai an tara makaɗi da 'yan amshinsa an sallame su. Fim ɗin Sangaya, a ƙarshen shekarun 1990, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙar fiyano tana sayar da kaset.

Sau da yawa nakan ji ana cewa wannan ba kiɗan Hausa ba ne, kwaikwayon Indiya ne da injin Jafan. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na musun cewa fiyano ya rage wa makaɗan biki abinci. Amma a duba Jamaika. Wani kiɗa da wata ma'aikaciyar Casio, Hiroko Okuda, ta tsara ta zuba a cikin ƙaramin fiyano MT-40 na 1981, shi Wayne Smith ya hau ya yi waƙar Under Mi Sleng Teng a 1985, kuma yau ba mai cewa wannan ba kiɗan Jamaika ba ne. A duba kuma Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Da ya tashi ɗaukar kundinsa Anar a 2008 Sakkwato ya zo, aka yi masa da salon ɗakunan kiɗan Hausa na lokacin, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka ƙetare hamada. Ashe ke nan baƙo ya ji wani abu a cikin wannan kiɗa wanda ya san a ƙasar Hausa ake samunsa.

Komawa kan tebur

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ba a maido mana ba sai a Disamba. A waɗannan watanni na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattawa suka shiga ɗaka suka lalubo tsofaffin rediyoyi daga ƙarƙashin gado, wasu batir ya zube a ciki ya cinye ƙarfen, aka yi ta kai wa wani tsoho mai gyara wanda a da mun ɗauka ya daina sana'ar. Na zauna wurinsa yini biyu ina kallo. Yakan kankare tsatsa da reza, ya tura takardar gwangwanin sigari inda ƙarfe ya ci, ya taɓa yatsa a wata ƙafa ya saurari ƙugin lasifika, daga nan ya san ɓangaren da ya mutu. Na kai masa Brick Game ɗinmu, ya juya shi ya ce, "Ɗana, wannan aisin nasa an ɗiga masa baƙin ƙaro ne, ba a cire shi, amma bari mu ga waya." Waya ɗaya ce kuwa ta tsinke. Da ya liƙa ta sai abin ya yi tsiwa, ya yi dariya ya ƙi karɓar ko sisi.

Da na koma hutun da ya wuce na tarar Allah ya yi masa rasuwa. Kwalayensa uku na matattun rediyoyi da kaset da fatun waya, magada sun sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.