Langa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Kafin shirin UPE ya cika azuzuwa a 1976, mu yaran Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna da wata makarantar, wato dandali. Babban darasinta langa: ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ka dinga tsalle da ɗayar, kana ture abokan karawa har ruwanku ya sha. Wanda ya iya tsayuwar kullum rububinsa ake yi. Wanda ake kayarwa da wuri kuwa, gadin takalma yake komawa, kuma irinsu ne muka ga suna zille wa Malamin Wasanni a sakandare.

Sai a 2008 wani masani ɗan Amurka, David Stodden, da abokan aikinsa suka rubuta abin da muka sani tuntuni: iyawa ke jan yaro zuwa wasa, wasa kuma ya ƙara masa iyawa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum. To, a ina? Filin da muka yi langarmu yau jerin shaguna ne, jikokina kuwa ƙwallo suke bugawa a lungu, suna kauce wa Adaidaita Sahu.